Beben Fim da Hausar Allo: Littafin Aikin "It"

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na sayi sabon littafi mai jan bango saboda wannan aikin, don na san halina. In ban rubuta inda na kwana ba, sati biyu sun isa in manta abin da ya sa na ɗauki wata kalma na ajiye wata.

Aikin dai shi ne mayar da rubutun da ke cikin fim ɗin "It" zuwa Hausa. Fim ne na Amurka da kamfanin Paramount ya fitar a farkon 1927, Clarence Badger ya ba da umarni, Clara Bow ce tauraruwar, lokacin tana da shekara 21. Minti 72 ne, kuma daga farko har ƙarshe ba muryar da za ka ji. Za ka ga leɓe na motsi, sai hoto ya ɗauke, baƙin allo ya fito da farin rubutu ya gaya maka abin da aka ce, sannan a koma. Waɗannan allunan nake so in cire in saka namu. Auta, wanda zai yi aikin kwamfuta, tun jiya ya raɗa masa suna beben fim, sunan kuma ya bi shi.

A dokar Amurka haƙƙin mallakar irin wannan fim shekara 95 ne, saboda haka tun 1 ga Janairun 2023 ya zama na kowa a can. A 2027 kuma zai cika shekara 100, ina so kafin nan a ce akwai shi da Hausa. Sa'a ma aka ci da yana nan. Wani bincike da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin 100 sun ɓace ƙurmus. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, yana ruɓewa a cikin gwangwani, kuma ƙiris yake jira ya kama da wuta. "Flaming Youth" na 1923, wanda ya ɗaga Colleen Moore ya kuma yayata 'yan matan zamani irin ta wannan fim a silima, yau guntu kawai ya rage daga cikinsa. Shi kuwa namu, a 2001 aka saka shi cikin jerin finafinan da Amurka ta ware don adanawa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na kalle shi sau uku ban riƙe biro ba.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Betty Lou Spence yarinyar kanti ce a wani katafaren shago mai suna Waltham's. Ɗan mai shagon, Cyrus, ya karɓi ragamar wurin daga hannun mahaifinsa. Antonio Moreno, haifaffen Madrid, shi ya fito a matsayinsa. Betty na ɗora ido a kansa ta ce ta ga miji. Shi bai ma san tana duniya ba, ga kuma wata 'yar manya, Adela, da ke jiran ya furta. Abokinsa Monty, wani sakarai mai kuɗi marar mugunta, shi ya fara kula Betty har ya gayyace ta cin abinci. Ta ce ta yarda, amma sai dai a Ritz, wurin cin abincin masu kuɗi, don ta san a can Cyrus zai ci nasa a daren.

Sai maganar sutura ta taso, ba ta da rigar shiga Ritz. Wannan wurin na maimaita shi ya fi a ƙirga. Tana tsaye da baƙar rigar aikinta a jiki, aka ɗauko almakashi aka hau yanke wuyan, ƙawarta Molly na taya ta, a rage nan a daɗa can, a bula mata hoda a kafaɗa, kafin ka ce kwabo rigar kanti ta koma rigar dare. Ɗakin haya ne ƙarami, ga jaririn Molly a gefe. Duk wadda ta taɓa aron gyale ko ta kwana tana gyaran tsohon leshi saboda bikin gobe, ba ta bukatar a fassara mata komai a nan.

Abin da ya dame ni ke nan. Fuskar matar nan ba ta tsayawa wuri ɗaya. A cikin daƙiƙa biyar za ka ga kwaɗayi, ka ga tsoro, ka ga ta yi wa tsoron dariya. In na cika wa alluna magana, zan zama mai tafi a inda makaɗi bai buga ba. Doka ta farko da na kafa wa kaina: allon Hausa kada ya faɗi abin da idonta ya riga ya faɗa.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau ban fassara ko allo ɗaya ba. Ina son rubuta ɗan gabatarwa na minti ɗaya da zai fito kafin fim, sai kalmar "flapper" ta tare ni a ƙofa.

Ga abin da take nufi a wurinsu. An gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918. A 1920 matan Amurka suka sami 'yancin jefa ƙuri'a a duk faɗin ƙasar, a shekarar kuma aka haramta sayar da giya, haramcin da ya kai har 1933, wanda ya mayar da shaye-shaye da rawa cikin ɓoyayyun gidaje. 'Yan mata suka cika kantuna da ofisoshi da ɗakunan haɗa waya, suna karɓar albashinsu a hannunsu. Mota ta yi araha, saurayi na iya ɗaukar budurwa su bar unguwa ba idon uwa ba na maƙwabta. A cikin wannan yanayi wata irin budurwa ta fito: ta je wurin wanzami ta datse gashinta iya kunne, ta yar da matsattsiyar ɗamarar da iyayenta mata ke ɗaure ciki da ita, rigarta ta hau har gwiwa, ta shafa jambaki a bainar jama'a, ta kafa 'yar hula mai kama da ƙararrawa, ta iya rawar Charleston. Limaman coci da marubutan jaridu suka yi ta kumfar baki a kanta, masu sayar da hoda da masu silima kuma suka yi ta ƙirga kuɗi.

To me zan kira ta? Na jera abin da ya zo mini. 'Yar bariki ta yi nauyi, tana ɗauke da zargin da ba lalle yana kan flapper ba. Fitsararriya zagi ne tsagwaronsa. 'Yar gayu da 'yar ƙwalisa sun tsaya a tufafi. Wayayyiya ta yi kusa, amma yabo ya fi yawa a cikinta. Idon gari kuma ta fi Betty wayo da shekaru. Mai rawar kai ta kama rabin halin ta bar rabi.

Na tsaya a kan 'yar zamani. Ba don ta fi daɗi ba, sai don baki biyu ke faɗinta. Tsohuwa ta ce "'yan matan zamani" tana taɓe baki, yarinya ta ce "ni 'yar zamani ce" tana gyara ɗaurin kallabi. Haka kalmar tasu ma take, zagi a bakin wani, kirari a bakin wata.

Wani abu da na lura: Betty ba 'yar masu kuɗin da ke kashe dare a gidan rawa ba ce. Motar haya take hawa ta koma gida, albashinta ke riƙe da ita da ƙawa marar lafiya da jariri. Rawar kan tata duk a kan yunwa aka gina ta. Wannan sai ya shiga gabatarwar, ko da zan cire maganar hula.

Litinin, 27 ga Janairu

Auta ya samo wani salon haruffa mai kama da na allunan asali, siriri mai ƙayatarwa. Muka zuba jimlar farko, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati ya fito. Ya ce, "Yaya, mu rubuta ba lanƙwasa mana, kowa zai gane." Na ce a fim ɗin da ake maganar ɗa, ba zan bari a karanta da ba. Ya zauna zai zana haruffan da hannu, wuta ta ɗauke. Ya gama uku kafin batir ya mutu.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Yau ranar babbar kalma ce, sunan fim ɗin kansa.

Asalinta daga Elinor Glyn ne, wata marubuciyar Ingila da ta yi suna da littattafan soyayya masu tayar da ƙura, daga baya ta koma Hollywood. Ta rubuta labari mai wannan suna a mujallar Cosmopolitan, Paramount suka ɗauki sunan da ra'ayin suka gina nasu labarin a kai. Tallar ba a ɓoye ta ba: a farkon fim Monty na riƙe da mujallar yana karantawa, ya leƙa madubi ya yanke wa kansa hukuncin cewa yana da abin, sannan ya bi layin 'yan matan kanti ɗaya bayan ɗaya yana dubawa kamar mai sayen rago. Can a Ritz kuma sai ga Elinor Glyn da kanta ta shigo, aka tambaye ta ma'anar kalmar, ta yi bayani. A taƙaice, wani abu ne da ke jawo mutane zuwa gare ka, maza da mata. Ba kyau ba ne, ko da yake yana iya zama tare da kyau. Mai shi ya yarda da kansa, kuma bai damu da ko yana burge ka ko ba ya burge ka ba.

Na ɗauki littafina na tafi wurin Kawu, wanda ya yi shekara talatin yana koyar da Turanci kafin ya yi ritaya. Na same shi a zaure yana shan hantsi. Na ce, "Kawu, kwarjini fa?" Ya girgiza kai. Ya ce kwarjini na sarki ne da malami, shi ke sa ka sunkuyar da kai, wannan kuwa da kike faɗa ɗago kai yake sa mutum. Na ce farin jini. Ya ce ya yi kusa, amma farin jini a wurin mutane ake ganinsa, shi ya sa ake nemansa har da rubutun sha. Ana iya samun mai farin jini saboda kyauta ko saboda iya gaisuwa. Wannan a jikin mai shi yake ko da ba kowa a ɗakin. Maganaɗisu kuma ya ce in bar wa malaman kimiyya.

Da zan tashi ya ce, "Ke, su ma fa ba suna suka ba shi ba. Kalmar da suke nuna kujera da akuya da ita suka ɗauka. Me zai hana ki ce abin nan?"

Na dawo gida na gwada a bakin Monty: "Yaro, kana da abin nan!" Auta ya yi dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da ta nuna mini inda hankalinsa ya tafi. Da farko na ji haushi. Daga baya na ga ai Turawan 1927 ma can nasu hankalin ya tafi, shi ya sa suka cika silima. An faɗa ba a faɗa ba. Na rubuta "abin nan" da fensir.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

George Marion ƙarami ne ya rubuta allunan, kuma mutumin ɗan ba'a ne. Kusan kowane allo da ɗan ƙulli a cikinsa, irin Turancin titi na lokacin da yanzu ko su ba sa yi. Biyu sun cinye mini sati.

Na farko, sa'ad da Betty ta fara ganin Cyrus, Santa Claus ta roƙa ya ba ta shi, wato tsohon nan mai farin gemu da ake gaya wa yaransu yana kawo kyauta daren Kirsimeti. Na rubuta, "Wayyo, a ba ni wannan goron Sallah!" Ya zauna daram, har na yi murna. Da safe na soke shi. Betty ba ta san Sallah ba, kuma in na sa mata ita a baki, mai kallo zai fara auna rigarta da ma'aunin Kano, daga nan fim ya lalace. Na bar ta a garinsu: "Baban Kirsimeti, taimaka ka ba ni wannan!"

Na biyu ya fi daɗi. Cyrus ya kai ta wurin wasanni na bakin teku, Coney Island, inda talakawan New York ke zuwa shan iska. Suka ci abincin tsaye, suka hau wani faifai mai juyawa yana watsar da mutane, ɗan masu kuɗi ya sake ya yi dariyar da bai taɓa yi ba. Da ya kawo ta ƙofar gida ya sumbace ta, ta kwaɗa masa mari. A allon ta kira shi ɗaya daga cikin mutanen minti, masu ganin daga haɗuwa da yarinya sai sumba. Wasa ne da sunan 'yan sa-kai na yaƙin neman 'yancin Amurka na 1775, waɗanda aka ce a shirye suke cikin minti guda. Ba mai kama wannan a nan sai na buɗe aji. Na zubar da tarihin na riƙe cizon: "Ashe kai ma ɗan sha-yanzu-magani-yanzu ne!" Wannan ban soke shi ba, don ba addini ko gari a cikinsa, gaggawa ce kawai.

Matsalar da ta kunno kai: Hausa ta fi tsawo. Abin da suka faɗa da kalma biyar ni sai takwas. Ko dai a ƙara wa allo daƙiƙa, ko in rage magana. Auta ya fi son in rage, don kowane ƙari yana ture duk abin da ke bayansa.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Mun kai inda aka zo ɗaukar jariri, sai na ce bari mu gwada a kan mutum kafin azumi. Muka kai kwamfuta ɗakin Gwaggo bayan la'asar, aka sauke labule.

Gwaggo ba ta saurin karanta boko, don haka na zauna gefenta ina karanta mata alluna. Da ta ga baƙi da fari ba murya, ta ce, "Au, majigi ne?" Ta ba mu labarin yadda suna yara mota ke zuwa ƙofar gidan hakimi da dare a kafa farin ƙyalle, wani mutum ya riƙe lasifika yana bayanin abin da ake gani, yana ƙara nasa gishirin. Na ce mata a Japan ma haka aka yi a zamanin beben fim, masu bayanin har sun fi wasu 'yan wasan suna. Ta ce to ai sai ki yi mana.

Na ɗauka da gaske. Na fara karanta allo ina ƙarawa da bayani, ga Betty ta ji kunya, ga ta tana so ya juyo. Ba a yi minti goma ba ta dafa gwiwata ta ce, "Ke 'yar nan, yi mini shiru, ai ina gani." Dokar da na kafa wa kaina a watan jiya, ni na fara karya ta.

Rigar Ritz ba ta burge ta ba, ta ce yadi ne bai ishi tela ba. Da aka yi marin kuwa ta buga cinya ta ce, "Yawwa, 'yar halak!" Sai aka nuno Betty ta haye sama tana leƙensa ta taga, fuskarta fal murna. Gwaggo ta yi ƙwafa ta ce, "Ja'ira, ashe tana so." Ba allo ko ɗaya a wurin.

Sannan aka zo kan jaririn. Molly ba lafiya, ba aiki, sai ga wasu mata biyu masu aikin jin ƙai sun zo za su ɗauke yaron su kai gidan marayu. Betty ta shigo ta rungume shi ta ce nata ne, kuma tana da aikin da za ta riƙe shi. Monty na tsaye yana ji, ga kuma ɗan jarida yana rubutawa. Wani dogon saurayi ne ya fito a ɗan wannan matsayi, Gary Cooper, kafin duniya ta san shi. Gwaggo ta sa aka tsayar. Tambayarta ta farko, ina dangin uwar, ba kaka ba gwaggo da za ta karɓi riƙo? Na ce birni ne, kowa ya baro nasa a wani gari ko wata ƙasa. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Yarinya ba aure ta ce ɗa nata ne a gaban mutane. Ta san abin da ta sayar kuwa?"

Na ce ta sani.

Ta ce, "Yarinyar nan akwai shiga rai."

Na lalubo biro a jaka na rubuta a tafin hannuna. Sati uku ina yawo tsakanin ƙamus da zauren Kawu. Shiga rai bai tambayi kyau ba, bai tambayi izini ba, kuma mai shi sau da yawa bai san yana da shi ba. Yanzu shirin shi ne bayanin Elinor Glyn ya tafi da shiga rai, shirmen Monty ya tafi da abin nan.

Gwaggo ta ce kada mu sake mu zo mata da rabin labari.

Laraba, 12 ga Maris

Azumi, aiki ya tsaya. Bayan asuba nakan ɗan karanta tarihin Clara Bow. An haife ta a Brooklyn a 1905 cikin talauci na gaske, mahaifiyarta na fama da taɓin hankali har ta rasu a 1923. Gasar wata mujalla ta ci a 1921, daga nan ta sami ƙafar shiga fim. A shekarar da aka fitar da "It" ta fito a "Wings", fim ɗin da ya fara cin babbar kyautar Oscar. A watan Oktoban shekarar kuma aka saki "The Jazz Singer", murya ta shigo silima, kasuwar beben fim ta fara watsewa. Clara ta yi finafinai masu magana, amma jaridun tsegumi da shari'a da rashin lafiya suka taru a kanta. Ta auri Rex Bell a 1931, ta bar fim a 1933 tana da shekara 28, ta koma gidan gona a Nevada. Ta rasu a 1965.

Tun da na san wannan, wurin almakashin ya canja mini. Ba koya mata aka yi yadda ake rashin riga ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha Sallah, mun dawo. Allon da na fi jin tsoro ashe ba sunan fim ba ne, wannan ne na ofis.

Monty ya kai wa Cyrus labarin jariri. Cyrus bai tambaye ta ba, ya yarda kawai. Amma son bai fita ba, sai ya kira ta ya ce zai saya mata lu'ulu'u da sutura da duk abin da take so. Aure ne kaɗai bai ambata ba. Ita da farko ta ɗauka maganar aure ce, fuskarta ta haske, sannan a hankali ta gane. Kana kallon hasken yana mutuwa. A allon ta kira abin da yake nufi shiri na hannun hagu.

Muna da kalmar da ta yi daidai, zaman dadiro. Na rubuta ta, na dube ta, na ga ta yi tsirara da yawa. Betty ba ta kira abin da sunansa ba, kunya da fushi suka sa ta kewaya. Na gwada bahagon zama, don hagu a wurinmu ma ba hannun girmamawa ba ne, amma sai ya zama kamar kacici-kacici. A ƙarshe na rubuta, "Ajiye ni kake so ka yi?" Kalma shida. Duk macen da ta karanta ta san wace irin ajiya ce. Daga nan ta bar masa aikinsa ta fita.

Wannan ne ya sa nake ganin masu kiran fim ɗin na fitsara ba su kai nan ba. An sayar da shi da gajeren gashi da gwiwa a waje, amma ƙashin bayansa tsohon labari ne, na yarinyar da ba ta da komai sai mutuncinta kuma ta ƙi sa masa farashi. Ina da ƙorafi a kansa duk da haka: Cyrus bai sha wahalar da ta kai laifinsa ba, kuma fim ɗin bai taɓa tambayar me zai faru da a ce ɗan nata ne da gaske ba. Ya wanke Betty, ya bar Molly a inda take.

Maganar kiɗa. Kwafin da ke yawo a intanet da yawa kiɗan da ke kansu sabo ne, yana da masu shi, ba za mu taɓa ba. Amma faya-fayan da aka fitar a Amurka har zuwa 1924 sun zama na kowa tun farkon 2025, don su shekara 100 ake ƙirga musu. Auta ya tara na rawa masu ƙarar tsohon garmaho. A wurin da Betty ke kaɗa 'yar ƙaramar jitarta a jirgin ruwa ya ɗora kuntigi don gwaji. Ya yi daɗi ƙwarai, na ce ya cire, dalilin goron Sallah ne dai.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mun shiga jirgin ruwa, kashi na ƙarshe. Betty ta sa Monty ya shigar da ita cikin baƙin Cyrus da sunan wata 'yar manya, niyyarta ta sa shi ya nemi aurenta ta yi masa dariya. Ta yi, ta kuma koma gefe tana kuka. Monty ya faɗa wa Cyrus gaskiyar jaririn, sannan garin shirme ya kai jirgin ya yi karo, Betty da Adela suka faɗa ruwa. Adela ta ruɗe tana neman nutsar da su duka, Betty ta ɗirka mata naushi ta cece ta. Allunan nan gajeru ne, kwana biyu suka ɗauke ni.

Sai hoton rufewa. Sunan jirgin Itola, an rubuta shi da manyan haruffa a jikinsa. Betty da Cyrus sun maƙale a jikin ƙugiyar jirgi a jiƙe sharkaf, sun rufe sauran haruffan, biyun farko kawai ake gani, I da T. Tun kallon farko na gan shi na kau da kai, na ce sai ranar ta zo. To ta zo. Wannan ba allo ba ne da zan cire, a jikin hoton yake. Wanda ya yi awa guda yana karanta abin nan da shiga rai, in ya iso nan zai ga haruffa biyu ne kawai a jikin ƙarfe.

Auta ya ce zai iya goge su da kwamfuta ya rubuta wani abu. Na ce ko da wasa. Ya ce to a sa ɗan rubutu a ƙasa. Na tuna hannun Gwaggo a gwiwata.

Abin da ya rage shi ne in koma farko. Allon da ya fara kawo kalmar zai fito da IT da manyan haruffa, a ƙasansa a ce, wato abin nan. Monty zai riƙa faɗin IT a wurare biyu ko uku, don ido ya saba da siffar haruffan tun kafin a je teku. Hakan na nufin sake allunan shago da na Ritz, da sake auna daƙiƙoƙinsu, da ture kiɗan da Auta ya riga ya jera. Bai ce komai ba da na gaya masa, ya dai tashi ya je ya sha ruwa.

Ranar Talata za mu fara daga madubin Monty. Gwaggo ta aiko jikarta tun da safe tana tambaya ko mutumin nan ya auri yarinyar, na ce a gaya mata sai wata mai kamawa.